Tarwaɗar Yaya Kumazo a Silin Gidan Wanka

Ranar da yayana Kumazo ya ce zai ɗaure girgizar ƙasa da igiya, yana tsaye ne a kan sikelin gidan wankanmu, daga shi sai tawul, yana zagin sikelin wai ƙarya yake masa.

"Toki," ya ce da ni, "saki ranki. Muddin ina numfashi gidan nan ba zai rufe ba. Na gama tsara komai."

Gabana ya faɗi, don duk garinmu na bakin teku babu wanda bai taɓa ɗanɗana tsarin Yaya ba. Shi ne babba, shi ya kamata ya gaji gidan wankan nan daga marigayi babanmu, amma ya ce mutum irinsa sai teku. Tekun kuwa 'yan watanni ya yi a cikinta, yana dafa wa masunta shinkafa yana amai a bokiti, sauran rayuwarsa duk a gidan ƙanƙara na tashar jirage ta ƙare. Amma in ka ji shi cikin ruwan zafi yana ba da labarin guguwa da igiya da ƙulli, sai ka rantse shi ya koya wa kifi iyo. Kullum yana zuwa wanka, bai taɓa biya ba, bai kuma taɓa ɗaukar tsintsiya ba.

Abin da ke damuna a lokacin kowa ya sani. Tukunyar dumama ruwa ta tsufa, tana tari kamar masu wankan. Matasa sun watse sun tafi Tokyo, saura tsofaffin da gidajensu ba su da wurin wanka. Sai hukumar gari ta ce za ta zaɓi gidan wanka guda ɗaya ya zama inda jama'a za su riƙa wanka in bala'i ya auku, ita kuma ta ɗauki nauyin gyaran tukunya da makamashi. Mu biyu ne a gasar, gidanmu da sabon otal na tsallaken kogi. In aka zaɓe mu, mun tsira. In ba a zaɓe mu ba, ƙarshen shekara zan rufe. Kwamiti zai zo dubawa ranar atisayen girgizar ƙasa, farkon watan tara.

Ina zaune a kujerata mai tsawo ta bakin ƙofa, wadda daga kanta mutum ke ganin zauren tuɓe kaya na maza a dama, na mata a hagu, da shingen katako mai madubai da ya raba su. Na ce, "Yaya, in kana son taimako, ga magudana can tana son yasa."

"Magudana. Ke tunaninki bai wuce magudana ba, shi ya sa gidan ke mutuwa a hannunki. Me ke kawo girgiza?"

"Ƙasa ce ke motsi."

"Tarwaɗa. Ƙatuwar tarwaɗar nan ta ƙarƙashin ƙasa, in ta kaɗa jela gari ya rushe. Ko kin manta tatsuniyar kakarmu? To ni zan sassaƙa ta, in kamo ta, in rataya ta a silin ɗin nan a ɗaure. Kwamiti na shigowa su ɗaga kai su ga gidan da ya kama girgiza da hannu. Otal yana da wannan?"

"Otal yana da injiniyoyi."

"Ke kuma kina da ni."

Rokuro mai awara, abokinsa tun makaranta, wanda ko ka ce masa teku ta bushe zai ce ai dama ya lura, ya gyaɗa kai yana sa wando, ya liƙa wa sunana "san" ɗin girmamawa. "Gaskiya ne, Toki-san. Otal ba shi da Kumazo."

Washegari suka jawo mataccen kwalekwale daga tasha suka girke shi a tsakiyar lungunmu. Mai kawo wasiƙa ya koma zagayawa ta baya, motar kwashe shara ta daina shigowa, Yaya kuwa ya ɗaura ƙyalle a goshi yana sara yana ba masu wucewa darasi. Da abin ya fara ɗaukar kama, yaran makaranta suka ce takalmi ne. Kaka Shige, tsohuwar da ta girmi kowa a unguwa kuma ba ta taɓa fashin wanka ba, ta tsaya da sandarta ta daɗe tana kallo.

"Kumazo, akwatin gawar wa kake yi? In nawa ne ka rage faɗi."

"Kaka, wannan fasaha ce."

"To. Uwarka ma haka ta ce da ta haife ka."

Da aka gama, aka shafa baƙin fenti, aka kafa wa tarwaɗar sandunan kamun kifi guda biyu a matsayin gashin baki, sai aka zo shigar da ita. Ƙofa ta ƙi. Yaya ya auna ƙofar ne da hannuwansa bayan ya sha giyar shinkafa, don wai mutumin teku ba ya buƙatar awo. Aka cire ƙofa, aka cire akwatunan ajiye takalma, aka karkata kifin, jela ta daki gilashin taga ya zube. Yaya ya duba ɓaraguzan ya ce gilashin dama yana da tsaga, gara da ya nuna halinsa yanzu.

Silin ɗinmu na katako ne mai gida-gida, aikin hannu, abin da babanmu ya fi alfahari da shi a duniya har da mu 'ya'yansa. Allunan sirara ne, ado ne kawai, manyan gumagumai masu riƙe da rufi suna can sama a ɓoye. A cikin waɗannan allunan Yaya ya murɗa ƙugiya biyu, aka tara maza suka ɗaga kifin a kan tsani, ya rataya shi daidai saman shinge, kai a ɓangaren maza, jela a ɓangaren mata.

Ko awa ba a yi da buɗe wanka ba rigima ta tashi.

"Tokiko," in ji Kaka Shige, mai kirana da cikakken suna, "wa ya ce mu za a juya wa gindi?"

Daga tsallaken shinge wani tsoho ya amsa, "To kai ai na maza ne, Kaka."

"Wane kai? Ku da matanku ke riƙe muku kuɗin aljihu?"

Mata suka ce ba za su tuɓe a ƙarƙashin jelar kifi ba. Aka juya, maza suka ce su ma ba su yarda ba. Na ce a sauke shi kowa ya huta. Yaya ya ce masu ƙaramin tunani ne ke sauke abu, masu babban tunani gyarawa suke. Ya hau tsani ya cire ƙugiya ɗaya, ya bar ɗaya a tsakiya, ya sa mata maɗauri mai juyawa irin na fatsa, don kowane ɓangare ya samu rabonsa na kai.

Kifin ya fara juyawa kuwa. Fanka na hura shi, yana zagaye a hankali yana leƙa kowa da fararen idanunsa na murfin gwangwani. Mai sa riga sai ya sunkuya in gashin baki ya zo wucewa. Rana ta biyu gashin bakin ya saƙalo rigar ciki ta Kaka Shige daga saman akwati, ya ɗauke ta ya haye shinge da ita cikin natsuwa, ya sauke ta a kan Rokuro yana taje sanƙonsa.

"Rokuro," ta ce ta saman shinge, "ka miƙo min, kuma kada ka shinshina."

Ana cikin haka injiniyar hukuma ta zo leƙawar share fage. Sunanta Kirihara, yarinya mai ladabi, ta cire takalmi ta jera su, ta rusuna min, ta ɗaga kai, murmushinta ya tsaya a inda yake.

"Wannan, a me aka rataya shi?"

Yaya ya taso yana buga ƙirji. "A ƙullina, 'yata. Ƙullin da ya riƙe jirgi cikin guguwar da ko babanki ba a haifa ba."

"Kumazo-san, ƙullin na da kyau. Ƙugiyar nake tambaya, me ta kama a sama?"

"Silin."

"Allo kenan." Sannan ta yi bayani dalla-dalla, tana kallona ni. Duk abu mai nauyi da ke rataye a saman mutane, in ji ta, dole ya kama gungumen rufi da noti, ba allon ado ba. Dole a ƙara masa wata wayar ƙarfe ta daban, wadda in ta farko ta saki ita za ta riƙe. Sannan a ja masa wayoyi huɗu a karkace zuwa kusurwa huɗu, a ɗaure su a ƙashin ginin, don in ƙasa ta motsa kada ya yi lilo ya daki bango ko mutum. In ba za a iya ba, a sauke shi kafin kwamiti ya zo.

"Kin taɓa shiga teku?" in ji Yaya.

"A'a."

"To a teku abin da ke lilo shi ke tsira. Abin da ya sandare shi ke karyewa. Wannan ba a koyar da shi a jami'a."

"Gaskiya ne. Sai dai a teku babu tsofaffi a ƙarƙashinsa suna sa safa."

Rokuro ya fara gyaɗa kai, ya tuna ɓangaren da yake, ya mayar da shi tari.

Tana fita na kira kafintoci biyu na ce gobe da safe su zo su sauke min wannan masifa. Rokuro ya kai wa Yaya labari kafin in ajiye waya. Da safe kafintoci suka iso da tsaninsu, muka shiga, sai muka tarar an naɗe wa kifin igiyar bambaro mai kauri a ciki, irin ta wurin bauta, fararen takardu masu lanƙwasa suna reto a jikinta. A ƙasa an ajiye ɗan tebur da gishiri da kofin giya. Yaya na durƙushe a gaba da farar riga, fuska a murtuke.

"An tsarkake ta," ya ce. "Yanzu akwai mai zama a ciki."

"Wa ya tsarkake ta?"

"Ba a faɗa."

Babban kafintan ya cire hula. Ya dubi igiyar, ya dube ni, ya ce shi fa yana da jikoki, kuma bara ma wani abokin aikinsa ya sare bishiya mai irin wannan igiyar, bai ƙara ganin daidai ba. Ƙaramin ya riga ya tafa hannu sau biyu ya rusuna, yadda ake yi a wurin bauta. Suka naɗe tsani suka fita da baya suna ba ni haƙuri. Na san bambaron daga rumbun ƙanin matar Rokuro ya fito, na san takardun daga kalandar shagon awara aka yanka su, don har hoton waken suya ana gani a bayan ɗaya. Amma a garin nan in an naɗa wa ko tukunyar shara wannan igiyar, ba mai sa mata hannu.

Kafin mako ya zagayo tsofaffin mata sun fara tafa wa kifin kafin su tuɓe. Wata ta kawo lemo, wata ta kawo wainar shinkafa. Kaka Shige, wadda ta kira shi akwatin gawa, ta ce tun da ta fara gaishe shi gwiwarta ta yi sauƙi. Na ce mata ruwan zafi ne. Ta ce ruwan zafi ya shekara nawa yana nan gwiwar ba ta yi sauƙi ba? Haushi ya cika ni har na rasa wanda zan fara shaƙewa.

Na tare Yaya na ce tunda ba za a sauke ba, to a bi abin da injiniya ta faɗa, harafi da harafi.

"Abin da yarinyar nan ta faɗa ai wasan yara ne. Huɗu take so? Za ta ga huɗu."

Ya ɗauki fitila da noti ya hau tsani zuwa ƙofar shiga rufi. Ya zura kai, ya ɗan jima, ya sauko da sauri yana kaɗe kafaɗa, ya ce an gama, kifi ya kama gungume. Sai daga baya Rokuro ya gaya min gidan zanzaro Yaya ya gani a bakin ƙofar, ya jefa notin ciki ya rufe. Wayar ƙarfe kuwa ya ce ba zai sa wa abin bauta ba, rashin kunya ne. Ya kawo igiyoyin jirgi guda huɗu masu kaurin hannu. Ɗaya ya ɗaure a saman shinge. Ɗaya a firjin da nake sayar da madarar kwalba. Ɗaya a jerin akwatunan ajiye tufafi. Ɗayar da ta rage ya zagayo da ita ƙafar kujerata.

"Yaya, ta ce a ƙashin ginin."

"Ke ce ƙashin ginin, Toki. Kin shekara nawa a nan ba ki motsa ba?"

Na gwada kwancewa bayan ya tafi, ƙullin ya ƙi. Abu ɗaya da ya koya a teku kenan, kuma da shi ya kashe ni. Na ɗauko wuƙa, mata suka yi min caa, don ya riga ya rataya fararen takardu a kowace igiya.

Ranar atisaye ta zo da zafi. Kwamiti ya ce yana so ya ga yadda masu wanka za su yi in girgiza ta same su a tsakiyar wanka, saboda haka na buɗe da wuri, gida ya cika fiye da yadda ya cika a shekaru. Kowa ya zo don a zaɓe mu. Har wanda ya yi wanka da safe ya dawo ya sake. Shugaban kwamiti ya shigo ɓangaren maza da baƙar kwat da hular kwano, Kirihara ta shigo ɓangaren mata. Jiniya ta tashi daga lasifikar unguwa, tsofaffina suka yi abin da muka yi ta bita: kowa ya ɗaura tawul, ya kifa robar wanka a ka, ya fito zauren tuɓe kaya ya tsuguna. Suka yi shi tsaf, ba turereniya, ba hayaniya. Na ga shugaban kwamiti yana gyaɗa kai, raina ya yi fari, na ce a zuciyata mun ci.

Sai Kirihara ta bi igiya ɗaya da ido daga cikin kifi har zuwa firji. Ta bi ta biyu har zuwa ƙafar kujerata. Ta matso kusa da ni ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Tokiko-san, a fitar da mutane daga ƙarƙashinsa a hankali. Yanzu."

Kunnen Yaya ba ya jin kiran aiki, amma wannan ya ji shi ta saman shinge.

"A fitar da wa? Ranka ya daɗe shugaba, kana ji? Ana ɓata min suna a gidan ubana. Huɗu ta ce, ga huɗu. Ƙirga."

"Kumazo-san, ba yawan igiyar ba ne," in ji ta.

"To bari in kawo muku girgizar da kaina, kowa ya gani da idonsa."

Na ce, "Yaya, sauka." Amma ya riga ya taka benci, ya taka saman akwati, ya dafa shinge, tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya da guntun tawul, ya haye bayan tarwaɗa ya zauna kamar mai hawan jaki. Ya cire robar wanka daga kansa ya jefar, wai mutumin teku ba ya ɓoye kai.

Ya fara karkaɗa jiki. "Wannan mataki na biyu ne a ma'aunin girgiza, irin wanda ke motsa fitila." Igiyoyi suka miƙe, kwalabe suka yi ƙara a firji. "Wannan na uku. Kun ga wani abu ya faɗo?"

"Babu," in ji Rokuro daga ƙarƙashin robarsa.

"Wannan na huɗu."

Kujerata ta matsa da ni gaba kaɗan. Ƙura ta zubo daga silin. Kirihara tana jan tsofaffin mata zuwa bango ɗaya bayan ɗaya, shugaban kwamiti yana cewa ya isa, mun gamsu, mun gamsu ƙwarai.

"Ba ku gamsu ba tukuna. Ga na shida, wanda ke kayar da mutum daga tsaye."

Ya tattara ƙarfinsa ya yi gaba ya yi baya. Allon silin ya yi wata ƙara kamar an karya rake, ƙugiya ta fito da allo da maƙwabtan allon, kifi ya taho ƙasa da Yaya a bayansa, rungume da igiyar bambaro.

A nan ne igiyoyi huɗu suka yi aikinsu. Ta farko ta fizgo firji, ya buɗe baki ya yi sujada a gaban shugaban kwamiti, madara ta wanke shi daga ƙirji zuwa safa. Ta biyu ta jawo akwatunan tufafi, suka kifa, wanduna da riguna suka watsu. Ta uku ta zare kujerata daga ƙarƙashina, na samu kaina zaune a ƙasa da akwatin sabulu a cinya. Ta huɗu ta kama shingen da babanmu ya kafa tun kafin a haife ni, ya ɗan yi tunani, sannan ya kwanta shame-shame da madubansa duka.

Guntayen allo suna ta sauka a kan robobin wanka, ƙwas, ƙwas. Daga ramin silin zanzaro suka fara leƙowa. A dama tsofaffin maza a tsugune, a hagu tsofaffin mata a tsugune, mutanen da suka shekara hamsin suna hira ta saman shinge, yau ga su ido da ido, kowa da tawul da roba a ka. Babu wanda ya ji ciwo, robobin sun yi rana. Kunya ce dai ta kusa kashe rabin unguwa.

Kaka Shige ta ɗaga robarta ta ƙare wa ɓangaren maza kallo, ba gaggawa.

"Rokuro, ashe duk shekarun nan murya ce kawai ke gare ka."

Yaya na kwance a bayan kifi, gashin baki ɗaya ya karye, tawul ɗinsa na rataye can sama a bakin ramin silin. Wani ya jefa masa wando, ya rufa. Ya ɗaga kai ya dubi igiyoyinsa ɗaya bayan ɗaya, sai fuskarsa ta washe.

"Ranka ya daɗe, a shaida. Ko ɗaya ba ta tsinke ba."

Shugaban kwamiti yana ta tsiyayar madara. Kirihara ce ta amsa, cikin ladabinta na kullum.

"Haka ne, Kumazo-san. Gidan ne ya tsinke."

Sannan zanzaro suka sauko, aka yi ficewar gaggawa ta gaske, wadda shugaban kwamiti ya riga kowa kaiwa titi.

Bayan 'yan kwanaki Kirihara ta dawo da kanta, ta ƙi zama, ta rusuna har na ji kunya. Ta ce an ba otal. Ta ce ta leƙa ta ramin silin ta ga gumaguman rufinmu, ba ta taɓa ganin aiki mai ƙarfinsu ba a garin nan, kuma atisayen tsofaffina ya fi na kowa. Da ba don abin da ya faru ba, babu ma gardama. Na gode mata, na raka ta ƙofa, na koma bayan tukunya na yi kuka mai isata. Yaya kuwa yana shagon Rokuro yana gaya wa masu sayen awara cewa shi ya gano raunin shingen kafin girgizar gaske ta gano shi, kuma in da ana adalci da hukuma ta ba shi lambar yabo.

Na rataya labule a inda shinge yake, muka lallaɓa har ƙarshen shekara. Kifin yana bayan gida a kife, igiyar bambaro ta ruɓe ta faɗi da kanta, ba mai kawo masa lemo. Ranar ƙarshe na tashi da gatari na faskara shi. Na fara da kai. Katakon kwalekwale ne, ya sha kwalta da fenti, ya kama da wuta kamar yana jira, tsohuwar tukunya ta yi ruri irin wanda ta manta da shi.

Da la'asar kowa ya zo. Kaka Shige ta zo da ɗanta, wanda zai wuce da ita gidan kula da tsofaffi a birni washegari, tunda ɗakinta ba wurin wanka kuma ƙafarta ba za ta kai ta tsallaken kogi ba. Ta daɗe a cikin ruwa fiye da kullum. Da ta fito ta miƙo min robar wankanta da ɗan sabulunta ta ce in ajiye, can an ce su suke yi wa mutum wanka. Sauran suka fito ɗaya bayan ɗaya, kowa ya rusuna wa wurin, ya rusuna min, ba mai iya haɗa ido da wani.

Murya ɗaya ce ke tashi daga kwamin ruwan zafi na maza.

"Rokuro, ka ji ruwan nan? Ka taɓa jin zafi mai shiga ƙashi irin wannan a gidan nan? Katakona ne. Ni na zaɓe shi da hannuna. Mutum in ya san itace, ko a wuta aka sa aikinsa sai ya nuna kansa. Da tun farko Toki tana neman shawarata, da gidan nan bai kai ga haka ba."

Na sauka daga kujera na zagaya baya, na kama kan famfon magudanar maza da hannu biyu na murɗe shi har ƙarshe. Na dawo na zauna. Rokuro ya fito sumsum yana ɗiga, ya sa kaya a gurguje ya tafi ko sallama babu. Yaya ya ci gaba da bayani shi kaɗai, muryar tana ƙara amsa-kuwwa yayin da ruwa ke sauka daga wuya zuwa ƙirji, daga ƙirji zuwa cibiya. Can magudana ta yi ƙarar zuƙa ta ƙarshe, ya yi shiru.

"Toki."

Na gyara zama a kujerata.

"Toki, ruwan ya tafi. Sanyi nake ji."

Na ce, "Ka fara sabawa, Yaya. Daga gobe duk unguwar haka za ta ji."